Nauyin Baki a Ƙasar Daskarau

Da sunan Wanda ya yi rana ya yi inuwa, ya yi ƙasar da gumi ke wanke mutum, ya kuma yi ƙasar da hawaye ke zama tsakuwa tun bai sauka daga kunci ba. Mai yawo ya ga abin mamaki, mai tsawon kwana ya ga abin kunya, ni kuwa na haɗa biyun a tafiya guda. Sunana Barira, 'yar Tudun Kanya. Abin da zan ba ku labari ya faru ne a Ƙasar Daskarau, can inda duniya ta ƙare ta naɗe gefenta kamar tabarma.

Maigidana wanzami ne, yana kuma taɓa ɗori. Malam nake ce masa, kun san dalili. Kowace bazara wani zazzaɓi mai zafi yakan shigo garinmu ya kwashi yara, ƙaho da saiwa duk su kasa. Wani falke ya gaya wa Malam cewa a arewacin arewa akwai tafki mai shuɗiyar ƙanƙara a ƙarƙashinsa, wadda ba ta narkewa ko an shanya ta a rana, in aka ɗora wa mai zazzaɓi a goshi sai jikinsa ya sauka. Tun daga ranar Malam bai ƙara cin tuwo da daɗi ba.

Inna, mahaifiyarsa, ta ce ba a barin namiji ya shekara a hanya ba mai dafa masa. Ta kira ni ɗaki ta ce, "Barira, za ki bi shi?" Ni da ko kasuwar garinmu ban cika son shiga ba. A cikina na ce a'a har sau bakwai. A waje kuwa na sunkuyar da kai ina murza bakin zanena. Ta ce, "To, shiru ma amsa ce." Haka nauyin baki ya ɗaure mini kaya.

Muka yi wata uku cikin rairayi bisa raƙuma. Muka yi wata biyu a jirgin ruwa, kan tekun da kifayensa ke fesa ruwa sama ya wuce tsawon rimi. Ni dai abin da nake lura da shi rana ce. Kullum tana ƙara yin ƙasa kamar tsohuwa mai ciwon baya, har ta kai ba ta iya miƙewa, sai ta leƙo, ta ja jiki a gefen sama, ta koma. Wata safiya jirgi ya tsaya cak, matuƙi ya ce kowa ya sauka ya taka teku da ƙafa. Na ɗauka ya zautu. Ashe tekun ne ya zama dutse.

A kwana na huɗu na wannan tafiyar ƙasa, ƙanƙarar ta tsage tsakanina da ayari, baƙin ruwa ya buɗe baki, yana ƙara faɗi. Ban yi kira ba, tsayawa kawai na yi. Allah ya sa Malam ya waiwayo. Ya warware rawaninsa, ya tsoma a ruwan, ya shimfiɗa a ƙasa, kafin ya gama Fatiha rawanin ya sandare kamar azara. Ya gitta shi a kan tsagar, na rarrafo a kai na haye. Ya ce, "Barira, wata rana shirun nan naki zai ci mutum." Na ɗauka wasa yake yi. Shi ma haka ya ɗauka.

Garin da muka sauka ana ce masa Kolmu. Gidajensa rabi a ƙasa suke, an yi musu jinka da haƙarƙarin ƙaton kifi, an lulluɓe da fatu, ƙanƙara ta yi musu yaɓe. Hanyar shiga wani dogon soro ne mai gangara, sai an duƙa. Wanda ya sauke mu wani tsohon masunci ne, Baba Ongu, da matarsa Iya Tirma. Ba su da ɗa a raye. Malam ya tsinci harshensu a wajen matuƙan jirgi, ni kuma kunne ya yi mini aikin da baki ya ƙi. Kafin wata biyu ina jin kusan komai, mayarwa ce dai ba na yi.

Ku da kuke kuka da sanyin hunturu, ku saurara. A Kolmu da gatari ake ɗebo ruwa, a jera shi a bayan ɗaki kamar itacen girki. Nono dunƙule yake, da igiya a jikinsa, a rataya a kafaɗa. Kifi in an zaro shi daga ramin da aka sara a ƙanƙara, kafin ya yi wutsil-wutsil uku ya sandare, sai a kafa shi tsaye kamar shinge, in za a ci a fere shi da wuƙa kamar rogo. Ran da na fara wanki na shanya zanena a waje, da na koma na tarar da shi tsaye da kansa kamar mace mai jiran miji. Na zo ninkewa ya karye biyu. Iya Tirma ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ɗinka mini riga da wando na fatar barewar ƙanƙara, gashin a ciki. Malam kuwa aska ta manne masa a yatsa sai da aka hura mata numfashi. Azahar da La'asar da Magariba kuma suna bin juna kamar 'yan uku, ba ya ko tashi daga buzu.

Kowane gida yana da fitila guda ta dutse, faɗinta kamar faifai, ana zuba mata kitsen kifi. Ita ce murhu, ita ce haske, ita ce rai. Uwar gida ce kaɗai ke gyara lagwaninta da wani tsinken ƙashi da take ratayawa a wuya. Ran da aka kai mace ɗakin miji ake rataya mata shi, da shi kuma ake binne ta.

Gaisuwarsu ce ta fi ba ni wuya. In biyu suka haɗu a waje, sai kowa ya zura wa ɗan'uwansa ido tsakiyar fuska ya ce, "Hancinka da rai?" Ɗayan ya ce, "Da rai, naka ma." Dalili, sanyi yakan kashe hanci ko kunci ya yi fari fat mai shi bai sani ba, sai wani ya gani ya murza masa. Ni kuwa an raine ni a kan ba a kallon babba a ido. Duk wanda ya gaishe ni sai in dubi ƙasa. Aka fara cewa baƙuwar gidan Ongu ba ta damu ko hancin kowa ya faɗi ba.

Wata rana muna cin kifi, Baba Ongu ya ba mu labarin iskar ƙasarsu, wadda suke kira Ɓarauniya.

Ya ce, "Baƙo, ka buɗe kunne. Iskar nan duk abin da ta ji sau uku ta haddace shi, da muryar mai shi. In ka ɓace a cikinta, za ta kira ka ta gabas da muryar matarka, ta kira ka ta yamma da muryata, har ka gaji ka zauna. Wanda ya zauna kuwa barci zai yi, barcin da ba tashi."

Malam ya ce, "To yaya ake kiran wanda ya ɓace?"

"Da maganar ajiya. Kowane miji da mata suna da kalmar da suka ɓoye, ba su taɓa furta ta ba. Magana in ta daɗe a ciki nauyi take yi. Mai nauyi ce kawai ke huda iska ta isa kunne. Ku ma ku ajiye taku."

Malam ya dube ni ya yi dariya. "Baba, ai matata duk maganarta ajiya ce. Rumbu gare ta."

Iya Tirma ta ce, "Ka bar 'yar mutane. Kai da bakinka ba ya daskarewa."

Ita ce kuma ta taɓa gaya mini, tun makon farko, "'Yar nan, a ƙasarmu ruwa ba ya taka ƙofa." Na gyaɗa kai. Na ɗauka karin magana ce irin ta tsofaffi, na ji nauyin tambayar ma'anarta.

Ana jiran ƙanƙarar tafki ta yi kauri kafin Baba Ongu ya kai Malam wurin shuɗiyar. Kwana sittin ina ci ina sha a gidan nan, ba a bar ni na taɓa komai ba, don ba abin da na iya. Abin ya dame ni. Mace ta zauna a gidan mutane kamar turmi? Wata safiya Baba Ongu ya tafi saran ruwa da Malam, Iya Tirma ta ɗauki tukunyar romo ta kai wa wata mai jego a maƙwabta. Na dubi soron nan, duk toka da gashin fata. Na ce yau dai ga abin da na iya. Na ɗaure gashin bakin ƙaton kifi na yi tsintsiya. Na ɗebi ruwan ɗumi a ƙoƙo, na yayyafa tun daga bakin ƙofa har gangara, yadda uwata ta koya mini don kada ƙura ta tashi. Na share tas, har da ɗan zanen tsintsiya irin na tsakar gidan amarya. Na koma ciki ina jin daɗi, ina jiran yabo.

Baba Ongu ne ya fara dawowa, da dunƙulen ƙanƙara a bayansa. Na ji tafiyarsa, na ji santsi, na ji ƙarar da har yau in an karya rake kusa da ni sai na tuna ta. Cinyarsa ce ta karye.

Malam ya yi ɗori, ya ɗaure da ƙashin kifi. Kafin ya gama, dattawan gari sun cika ɗakin. A Kolmu zubar da ruwa a ƙofa ya fi sata muni. Babbansu ya ce, "Wa ya bi da ruwa ta soron nan yau?"

Wata mata ta ce, "Tirma ta kawo romo. Hannunta kuma kowa ya sani rawa yake yi."

Aka juya ga Iya Tirma. Ta dubi hannayenta ta daɗe, sannan ta ce, "Wataƙila."

Ina tsaye a bayan Malam. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Amma ɗaki cike da maza, ga tsoho yana nishi, ga Malam da zai ji kunyar da ba a taɓa ba baƙo ba. Na ce bari a ragu. Da aka ragu na ce bari gobe.

A gabana aka cire wa Iya Tirma tsinken fitila daga wuya, aka ba matar maƙwabci. Tun daga ranar, sau uku a yini, wata mace ce ke shigowa ɗakin Iya Tirma ta gyara mata wutarta, ita kuwa tana zaune a gefe hannu a cinya kamar baƙuwa. Shekara arba'in da tsinken nan a wuyanta. Wani lokaci sai in ga hannunta ya kai ƙirji yana lalube, ya tarar ba komai, ya koma.

Abin da ya fi ci mini rai, ba ta canza mini ba. Ita ke zaɓo mini tsokar kifi mai kitse. In na fita ita ke kama haɓata ta ɗaga fuskata da ƙarfi ta duba hancina. Na riƙa ture abincin gefe. Malam ya ce, "Ko ciki ne?" Na girgiza kai. Ciki ne, amma na dutse.

Kwana ashirin, kifin da aka kafa a bayan ɗaki ya kusa ƙarewa, mai kamo shi yana kwance. Malam ya ce, "Baba, bakin da ya ci shi ke da aiki. Ka ba ni karnuka, na san ramin kamun kifin."

"Ka san ramin ran da sama take garau. Ka bari maƙwabta su taimaka."

"Maƙwabta sun gyara mana wuta, kuma su ciyar da mu? Ina da hannu biyu."

Ya ɗaura wa karnuka shida keken jan da ke sulɓi a kan ƙanƙara, ya fita da hantsi. Rana ba ta gama jan jikinta ba sai sama da ƙasa suka haɗe suka zama fari ɗaya. Ɓarauniya ta taso. Can sai ga karnuka sun dawo da keken, da kifi a kai, ba mutum.

Gari duka ya fito bakin gidaje na ƙarshe, kowa ɗaure da igiya a ƙugu, an haɗa da na kusa da shi. In ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Aka buga ganga, iska ta mayar da gangar ta ko'ina. Sai na ji wata murya: muryata ce, tawa ta kaina, tana cewa "Malam, Malam" ta dama, ta hagu, ta bayan tafki. Ashe 'yar gaisuwar da nake yi masa a bakin ƙofa ta ishe ta.

Iya Tirma ce ɗaure kusa da ni. Ta sa baki a kunnena ta ce, "Baƙo ba ya wuce dafuwar tukunya biyu a cikin wannan. Ɗaya ta riga ta dahu. Ina maganar ajiyarku?"

"Ba mu ajiye ba, Iya."

"To nemo."

Na ce ai ina da kalmomin garinmu da iskar nan ba ta taɓa ji ba. Na ɗaga murya na ce gero, na ce tsamiya, na ce Tudun Kanya. Ko taku uku ba su yi ba iska ta watsar da su. Nan na gane abin da take yi. Sheƙa take yi, ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ce kaɗai ke tsayawa.

Iya Tirma ta ce, "Waɗannan ba su da nauyi. Wata nawa kina gidana, ban taɓa jin kin kira sunan mijinki ba. Na ɗauka ajiya kike yi."

"Ba ajiya ba ce, Iya. A wurinmu mace ba ta faɗa. Kunya ce."

"Iska ba ta san bambanci ba. Kira shi."

Shekara uku da aure ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. In wani mai irin sunan ya zo aski, sai in ce mai sunan Malam ya zo. Ga maza a dama, ga maza a hagu. Na rufe ido, na tattaro abin da ke cikina, na ce:

"Sallau!"

Na ji fitarsa kamar dutse daga majajjawa. Farin nan ya tsage, hanya ta buɗe siririya ta miƙe, sannan ta rufe. Na sake. Na sake na uku. Can nesa, ta hannun hagu, wata murya ƙarama ta ce, "Na'am."

Daga nan Ɓarauniya ta haddace. Sunan da na yi shekara uku ina rufewa ya cika sararin Kolmu, ta gabas, ta yamma, ta sama, kamar 'yan talla a tasha, duk da muryata.

Iya Tirma ta ce, "Ya matso, bai iso ba. Yanzu in ya bi na ƙarya tafki zai koma. Kina da wata?"

Ina da ita. Kwana ashirin tana zaune a ƙirjina.

Ko a nan sai da na nemi hanyar zillewa, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Na faɗe ta da harshenmu, don Malam kaɗai ya gane. Ta yi taku goma, iska ta kwashe ta. Abin da aka faɗa a ɓoye bai cika nauyi ba.

Iya Tirma ta juyo gare ni. Kallona kawai take yi, gashin idonta duk ƙanƙara.

Sai na juya, na dube ta tsakiyar ido, karo na farko da na yi haka da kaina. Na faɗa da harshen Kolmu, yadda na ƙarshen igiya ma zai ji:

"Ni na zuba ruwa a ƙofar Ongu! Shara na yi. Ba Tirma ba ce."

Wannan karon hanyar da ta buɗe ta isa raƙumi ya bi. Na ji igiyar ƙuguna ta motsa, mutane suna juyowa. Na sake faɗa. Na ga wani baƙin abu can yana rarrafe. Na faɗa na uku, muryata ta tsage, maza huɗu suka saki tsawon igiya suka kamo shi.

An shigar da shi, an cusa hannayensa a hammatar mutane, don ba a kai wanda sanyi ya kama kusa da wuta. Yatsu biyu na hannunsa na hagu ba su dawo ba. Da bakinsa ya saki, abin da ya fara cewa shi ne, "Da na ji sunana na ce shi ke nan, na mutu, mala'ika ce. Barira ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba." Ya yi tari. "Da na ji zancen ruwa na ce a'a, ita ce. Mala'iku ba sa shara."

Ba wanda ya yi dariya sai Baba Ongu daga shimfiɗarsa. Na je na durƙusa a gabansa zan fara magana, ya ɗaga hannu. "Ba sai kin maimaita ba. Ta ramin hayaƙi na ji, kuma ga alama zan yi ta ji har in mutu." Ya shafa cinyarsa. "Shara. Ƙafata ta tafi a kan shara."

Na rarrafa wurin Iya Tirma. Kafin in ce komai ta ce, "Tun ranar na ga zanen tsintsiya a cikin ƙanƙarar. Romo ba ya zane."

"Me ya hana ki faɗa, Iya?"

"Da na faɗa, da sun fitar da ku daga gari a tsakiyar sanyi. Kuma ba tawa ba ce da zan faɗa." Ta gyara zama. "Na ɗauka kwana biyu za ki yi, ko uku. Ashirin da yawa, 'yar nan."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari dattawa suka zauna. Babbansu da kansa ya mayar wa Iya Tirma tsinkenta, ya sunkuyar da kai tana ratayawa. Game da ni aka daɗe ana ja. Wasu suka ce a kore mu. Wasu suka ce wadda ta faɗa da bakinta a gaban iska ta riga ta sha rabin hukunci, tunda ba ranar da zai goge. Aka tsaya a kan abu biyu. Ni zan saro wa gidan Ongu ruwa har rana ta dawo da ƙarfinta. Kuma kowace safiya zan tsaya a tsakiyar gari in duba hancin duk mai wucewa, babba da yaro, ido cikin ido.

Saran ruwa bai dame ni ba, ko da tafin hannuna ya tsattsage. Tsayuwar ce. Wata huɗu ina kallon fuskokin mutanen da suka san abin da na yi, ina ce musu, "Hancinka da rai?" In iska ta ɗan motsa kuma sai muryata ta bi ta kanmu tana shelar sunan mijina da laifina. Yara su ƙunshe dariya. Sau goma sha ɗaya na ga farin tabo a fuskar wani na murza masa. Matar da ta fara ambaton rawar hannun Iya Tirma tana cikinsu. Ba ta gode ba, ni ma ban jira ba.

Da rana ta fara miƙewa, Baba Ongu ya sa aka ɗora shi a keken karnuka, ya kai mu tafkin. Ya ɗaga sandar da zai dogara da ita har ƙarshen ransa, ya nuna wurin. Kwana uku ana haƙa aka ciro shuɗiyar ƙanƙara, girmanta bai wuce ƙwan zabuwa ba. Ran da za mu tafi, Iya Tirma ta kama haɓata kamar yadda ta saba, ta ga na riga ta ɗagowa. Ta ce, "Da rai." Na ce, "Naki ma, Iya."

Ƙanƙarar tana nan a zabirar Malam cikin tsumma, bazara uku ke nan tana yawo gida-gida a Tudun Kanya. Kowa ya san labarinta. Labarin yatsunsa kuwa in an tambaya sai ya ce sanyi ne ya karɓi zakka. Ban roƙe shi ya rufa mini ba, shi ya ga dama.

Amma bakin duniya ba ya daskarewa. Bara wani falke ya sauka a zaurenmu, yana ba da labarin wata ƙasa can arewa inda iska ke kiran sunan wani mutum da muryar mace Bahausa, tana kuma cewa ita ta zuba ruwa. Ya faɗi sunan. Inna tana bayan danga tana jin komai.

Da yamma ina yayyafa ruwa a tsakar gida zan yi shara, ta kira ni ɗakinta, ɗakin da ta tambaye ni ko zan bi shi. Na durƙusa. Na gaya mata duka, da tsintsiyar, da cinyar tsoho, da tsinken fitila, da kwana ashirin. Wannan karon ban bari an ce shiru amsa ce ba.

Ta daɗe tana jan carbi. Malam ɗanta ne na fari, ita ma ba ta faɗin sunansa.

Ta ce, "Da gaske kin kira shi? A gaban maza?"

"Sau uku, Inna."

Ta dubi ƙofa, ta ga ba kowa, ta rage murya. "Ni na haife shi, shekara talatin da huɗu ban taɓa ɗanɗana shi ba. Yaya yake a baki?"

Na ce, "Da nauyi, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To ni zan ci gaba da ajiye nawa. Ba a san ranar iska ba." Ta miƙo mini tsintsiyar da na ajiye a bakin ƙofa. "Je ki ƙarasa shararki kafin ruwan ya bushe."